Tafkin Abu Taswira

Duk unguwar Harra ta Gabas da ke Madina babu wanda ya kai Ustazu Lurwanu Dumbulwa sanin hanya. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma ba a taɓa jin ya ƙaryata kansa ba. Aikinsa miƙa makullai ne a wani ofishin hayar motoci, saboda haka duk kwaltar da aka shimfiɗa a Madina kamar da shawararsa aka yi. 'Yan unguwa suka raɗa masa Abu Taswira, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Babban fanninsa shi ne hanyar bakin tafki. Wata shekara aka tafka ruwan sama, wani kwari a bayan gari ya cika har bakin madatsa, mutanen Madina suka fita da darduma da gahawa kallon ruwa kamar yadda suka saba. Ustazu ya je sau ɗaya, ya ɗauki hoto, ya dawo gida masanin tarihi. Bai sake komawa ba. Ilimi in ya cika ai ba ya buƙatar bita.

Mutum ɗaya ne ya ƙi ba shi girmansa: Alhaji Audi, yayan matarsa Zaituna, mai fataucin bandar kifi a bakin Tafkin Chadi. Duk sanda Ustazu ya ɗauko bayani a waya, sai Alhaji ya ce to madalla, a ba shi ƙanwarsa. Abin ya tsaya wa Ustazu a rai. Da Alhajin ya zo Umra ya biyo ziyara Madina a tsakiyar zafi, sai Ustazu ya sha alwashin baƙon nan ba zai koma gida ba sai da labarin surukinsa masani a bakinsa.

Bayan azahar aka shiga mota. Zaituna ta tambaya a hankali ko bana an yi ruwa kuwa. Ustazu ya yi mata murmushin tausayi, ya ce tafki mai asali ba ya jiran girgije.

"Yaya Alhaji, buɗe kunnenka," in ji shi, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana zana sama. "Wannan kwanar, ya'ani, nan kakanninmu suka sauke kaya da suka taka daga ƙasar Hausa. Waccan gadar kuwa, da an tambaye ni da ba nan aka sa ta ba. Naku na Chadi ruwa ne kawai, namu ruwa ne da tarihi."

Can gaba kwalta ta yi ƙyalli. Ustazu ya nuna da alfahari ya ce ga shi nan. Suna matsawa, ruwan yana ja da baya. Ya bayyana cewa haka manyan tafkuna suke, ba sa saurin sakin jiki da baƙo. Alhaji ya ci gaba da jan carbinsa.

Suka isa madatsa. Gani ya kori ji: busasshiyar laka ce ta tsattsage iyakar ganin ido, sai wani raƙumi kwance a inda Ustazu ya ce ya fi ko'ina zurfi. Amma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya gyara rawaninsa, ya shige har tsakiya, ya ci gaba da lacca a kan inda ruwa yake shigowa da inda yake fita, gumi na kwarara masa har gemu. A ranar dai shi ne mafi ruwa a wurin.

La'asar ta yi. Alhaji ya nemi buta. Sai a nan Zaituna ta sunkuyar da kai ta faɗa cewa maigidan ya sauke jarkar ruwa tun a ƙofar gida, wai kai ruwa bakin tafki cin fuska ne. Babu kanti kusa, babu famfo, butar shayi ma an shanye.

Alhaji Audi ya naɗe hannun rigarsa, ya durƙusa a tsakiyar tafkin, ya buga tafukansa a ƙasa, ya yi taimama a natse. Ya miƙe ya matsa gefe cikin ladabi.

"Bismilla, Ustazu, ga wuri. Wallahi in na koma gida sai na ba da labarinka. Na tsufa a bakin ruwa, amma sai yau na samu malamin da ya shiga da ni tsakiyar tafki muka yi taimama."