Ranar da Na Nuna Musu Damisa

Da muka koma garin Bowie, can ƙasar waje, na je wurin masu ceton dabbobi na ɗauko karen gadi. Ma'aikaciyar ta ce a titi aka tsince shi, matsoraci ne. Na yi murmushi. Ni da na tashi cikin mafarautan Maraɗi? Na raɗa masa suna Damisa.

Ran Asabar abokaina direbobi suka zo shan shayi a bayan gida.

"Ku yi hankali," na ce, "ba ya wasa."

Sai kurege ya diro daga bishiya. Damisa ya kutsa ƙarƙashin babbar rigata, muka zube tare. Dariya har da masu riƙe ciki.

Yanzu ya yi ƙiba, mun shaƙu. Amma duk Juma'a sai babbanmu Alhaji Sani ya tare ni: "Maigadin Damisa, ya aiki?"