Rasuwar Fanon Gidan Malama Zuwaira

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malama Zuwaira Abba ta unguwar Kara-Kara, tsohuwar shugabar lekol, wato makarantar boko, tana sanar da dangi da maƙwabta, musamman masu shigowa cajin waya kafin su yi sallama, rasuwar Fano, faifan solar da ya shekara goma sha wani abu a kan rumfar gidanta yana shan rana domin mutanen gida su sha iska.

Marigayin bai taɓa neman inuwa ba, bai kuma taɓa shiga zancen kowa ba. Abin da aka sani daga bakinsa shi ne "ƙas… ƙas" da hantsi, sa'ad da ƙarfen jikinsa ke miƙa kamar dattijo ya tashi daga tabarma.

Ciwonsa na farko tsufa ne irin na ƙasarmu. Kowace bazarar Damagaram sai ta zaftare masa ƙarfi. Fuskar da ta zo shuɗiya kamar sabon rini ta koma launin shayi. Sanyin asuba ya tsuke shi, zafin azahar ya buɗa shi. Ƙanƙarar da ta taso daga wajen Gaffati ta bar masa tabo a goshi, ya jure. Alkasum mai gyara ya duba shi, ya ce zai iya lallaɓawa wasu shekaru.

Sai Allah ya haɗa shi da mai tausayi. Ya Kolo, mahaifiyar Malama, wadda fankar ɗakinta ke numfashi da numfashin marigayin, ta kasa jure ganinsa a rana tsaka. Idan gida ya kwanta bayan azahar, sai ta ɗebo ruwan randa mai sanyi a moɗa ta watsa masa, kamar yadda ake yayyafa wa tsakar gida. Gilashi mai zafi ya sha sanyi, ya tsage. Damina ta bi tsagar ta shiga, tsatsa ta cinye jijiyoyinsa. Da aka yi mata magana cikin ladabi, cewa ta yi: "Zuwaira, duk bokon nan naki? Ko jaki aka ɗaure a rana ai ana ba shi ruwa!"

Ya cika a bakin aiki, rana tana tsaka. Fanka ta yi juyin ƙarshe, ta tsaya tana kallon Ya Kolo.

Ya bar batir, gwauruwar da ba ta iya riƙe komai, da firigon sanyaya ruwa da ya koma ma'ajiyar tukwane, da kuma Ya Kolo, wadda ke fifita da mafici tana cewa zafin bana ba na Allah da Annabi ba ne. Magajinsa yana hanya kafin bazara ta kankama. Za a ɗora shi can ƙolin soro, inda moɗa ba ta kaiwa.

Za a sauko da marigayin ranar Asabar bayan la'asar. Ba za a yi masa salla ba, don Malama ta san iyakar wasa. Makwancinsa rufin akurkin kaji, inda wanda bai taɓa shan inuwa ba zai zama inuwa. Zaman gaisuwa ƙarƙashin itacen bedi, kowa ya zo da maficinsa da wayarsa a cike.

Ya Kolo ta nemi a bar mata wankan gawa. Iyali sun amince, tunda yanzu ba abin da ruwanta zai ƙara masa.