To Likita, Ni Fa?

A gidana komai da tsarinsa. Don haka da 'yata Hadiza, mai shekara ashirin da biyu, ta ce tana son allurar nan da ke ciko da fatar fuska, ban ɗaga murya ba. Na farko, na ce a'a. Na biyu, muka hau moto, wato babur, zuwa wani kilinik a nan Garwa, don ta ji daga bakin masana.

Likitar ta duba ta, ta ce, "Madam, fatar yarinyar nan tana yin kolajin ɗinta da kanta, wato sinadarin da ke ciko da fata. Allurar ta waɗanda kumatunsu suka fara zubewa ce."

Na yi wa Hadiza kallon nasara. "Kin ji ko? Fita ki jira ni."

Sai na ja kujera, na rage murya. "To likita, ni fa?"

Ashe ɗakin ba ƙofa, labule ne kawai.

Kafin mu isa gida labari ya kai wa ƙanwata a Figil. Yanzu ko tsire maigida ya shigo da shi, sai yaranmu su shafa kumatu su haɗa baki: "To Baba, ni fa?" Shi kuwa har da tari don dariya.