Faifan Surukina da Ɗan Akwatin da Ya Tona Ni

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara dangin matata a Bakura don in kama ɓarawo.

Ina da wata tsohuwar laftof da yayana ya bar mini. Wurin saka faifanta ya daɗe da mutuwa, batirinta kuma ba ya riƙe ko numfashi, ana ɗauke wuta take ɗaukewa. Sai na sayi ɗan akwatin nan baƙi da ake jona mata da igiya, a saka faifai a ciki a yi kallo. Da shi nake kallon tsofaffin finafinan da na tara cikin kwali. (A unguwarmu a Talata Mafara har ana yi mini kallon masanin kwamfuta, ni kuwa ban taɓa musantawa ba.)

Labarin akwatin ya kai kunnen surukina Alhaji, dillalin shanu a Bakura. Da muka je gaisuwa, bayan an gama tambayar gida da gajiya da kasuwa, sai ya shiga ɗaki ya fito da wani faifai cikin gidansa na roba, naɗe a hankici. Na walimar auren babban ɗansa ne, kuma nan ne kaɗai hoton matarsa marigayiya Hajiya mai motsi ya rage a duniya. Injin kallonsu ya lalace tun tuni.

"Ka tai da shi ka gwada," in ji shi. "In yana yi, ranar Juma'a ka zo da na'urar taka, ɗiyanta su gan ta."

Na karɓa da hannu biyu. A gida na gwada, ya yi tar, har matata Asabe ta yi kuka, sannan aka ɗauke wuta. Taransifomarmu ce ta ƙone, kuma ba a ga alamar gyara ba.

Washegari Lawali ya zo. Ɗan ƙanin Alhaji ne, yana sayar da kilishi a Maradun, abokina ne tun kafin in auri ƴar uwarsa. Ya zauna ya birkice kwalin nan, ya ɗebi finafinai ya tafi. Da la'asar na buɗe gidan faifan Alhaji, na tarar da shi fanko.

Na zazzage kwali, na ɗaga katifa, na duba har cikin kwanukan Asabe. Ta ce, "Ko yana cikin akwatin?" Akwatin ba ya buɗuwa sai da wuta, don haka na kai shi kunne na girgiza. Shiru. Na ce mata ni da hannuna na mayar da faifan gidansa, kuma ina roƙon ta bar harkar kwamfuta ga masu ita.

Daga nan komai na Lawali ya fara yi mini kama da na mai laifi. Me ya sa ya zo a ranar? Me ya sa ya ƙi tsayawa cin abinci? Na tuna ya taɓa cewa shi ya fi cancanta ya riƙe faifan, tunda Hajiya ce ta raine shi. Na hau babur har Maradun, wai na zo sayen kilishi. Na tambaye shi ko finafinan da ya ara sun cika daidai, ko wani ya shiga ciki bisa kuskure.

"Ban ko duba ba," ya ce, yana kore ƙuda. "Mi ya faru?"

"Ba komai."

Ya ƙara mini gyara mai yawa. A hanya na yanke hukunci cewa wannan gyaran toshiyar baki ce. (Na dai cinye shi kafin in iso gida.)

Ban iya gaya wa Alhaji ta waya ba. Sai na shirya dabara: zan kai kayan, in jona komai a gaban kowa, in buɗe gidan faifai fanko, in ga yadda fuskar Lawali za ta yi.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, aka shimfiɗa tabarmi a babban zauren Alhaji. Maza a gaba, mata daga bakin ƙofar cikin gida, Alhaji a kan kujerarsa, Lawali kusa da ƙafarsa. Aka tayar da janareta. Na kunna laftof, na jona akwatin, na bar ta tana ta nishinta na tsufa, na juyo na gyara murya.

"Baba, ku gafarce ni, akwai magana. Amanar da kuka ba ni an ɗauke ta daga ɗakina." Na ɗaga gidan faifan kowa ya gani. "Kuma mutum ɗaya ne ya taɓa kwalin nan. Ba zan faɗi suna ba, amma yana sayar da kilishi."

Lawali ya dube ni, ya dubi Alhaji, bakinsa a buɗe. Na ji daɗin wannan kallon, na ɗauka tsoro ne. Na ci gaba da jero hujjoji, har da gyaran kilishi. Ina jin akwatin yana wani gurnani a bayana, ban kula ba.

Sai muryar mace ta cika zauren: "Ku miƙa wa baƙin garin Tsibiri nasu kwanon, kada ya huce."

Hajiya ce. Ga ta nan a fuskar laftof, da mayafinta ruwan goro, tana nuna tukwane da ludayi. Faifan yana cikin akwatin tun daren da aka ɗauke wuta, a maƙale kan ɗan ƙarfen tsakiya, shi ya sa bai yi ƙara ba da na girgiza.

Hannuna yana sama da gidan faifai fanko, na rasa yadda ake sauke shi. Mata suna share hawaye, wasu kuma kafaɗunsu na rawa, kuma na san ba duka kuka ba ne. Asabe ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Alhaji bai ɗauke ido daga kan matarsa ba. A hankali ya ce, "Malam, gusa kaɗan, ka tare muna Hajiya."

Na gusa. Na yi ta gusawa har bayana ya taɓa bango, a nan na zauna har aka gama.

Da aka watse na sami Lawali a waje na ba shi haƙuri, ina in'ina. Ya ce ya yafe, amma da sharaɗin kada in hana shi ba da labarin. Ya kuwa ba da shi a Maradun, ya ba da shi a kasuwar Bakura ranar da ta fi cika. Har yau in ya zo gidana, kafin ya fita sai ya tsaya a bakin ƙofa ya zazzage aljihunsa, ya ɗaga hula ya nuna mini cikinta.

Abin da na koya ba shi da yawa. In abu ya ɓace, in fara binciken kayana da kyau kafin in binciki zuciyar mutane. In kuma har zargin ya ƙi barina, to in yi shi a ɗaki ni kaɗai, ba a zauren surukai ba.