Rasuwar Makiyayiyar Haƙoran Harisu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai cike da marayu, ni Harisu na Galma, mai karanta sanarwar rasuwa a gidan rediyon garinmu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Madawa da Buza da Keita rasuwar robar haƙorana. Ita ce wadda likita ya ba ni in riƙa sawa in zan kwanta, don kada haƙorana su watse. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, cikin kaskon wuta, a hannun kakata Zuhura.

Ga wanda bai san asalin marigayiya ba, sai an fara daga wushiryata. Na gaje ta wurin mahaifiyata Binta, Allah ya jiƙanta, kuma ba irin 'yar siririyar nan ba ce da ake yi wa kirari. Tawa ƙwayar gujiya na wucewa ta cikinta ba ta taɓa gefe ba. Duk kalmar da ke da "sa" ko "su", in na faɗe ta sai fito ya fita. Ku duba aikina, jama'a! Ina cewa "sanarwa", awakin Bangi su ɗaga kai. Ranar da na karanta rasuwar wani dattijo mai suna Sani Salisu, iyalinsa da kansu sunka yi dariya a zaman makoki, sannan sunka zo tasha da sanduna. Shugaban tasha ya ce ko in rufe ƙofar nan, ko in koma karanta farashin albasa.

Nan na shiga neman mai gyara. A kasuwar Madawa na samu mai cire haƙori da filaya, ya ce in ya cire biyun gaba duka fiton zai daina. A Babankatami wani ya so ya cike gurbin da haƙorin azurfa. Sai a Tawa wani likitan haƙori mai tsoron Allah ya gaya mini cewa cirewa da cikewa aikinsa ne, amma jera haƙora aikin wani ne daban, wanda ya ƙara karatu a kan haka kaɗai. Ya tura ni Yamai. Can anka ɗauki hoton ƙashin bakina, anka manna wa kowane haƙori ɗan ƙarfe, anka zura waya. Shekara biyu ina hawa motar kar ina zuwa a ɗaure wayar, in dawo in yi mako ina shan fura kamar jinjiri, ana cin kilishi a gabana ina kallo. Ranar da anka kwance ƙarfen, likita ya miƙo mini marigayiya, fara tas kamar ruwa, an ƙera ta daidai da bakina. Ya ce haƙori ba ya manta gidansu, in babu mai tsare shi komawa zai yi.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai riƙon amana, marar surutu. Duk zamanmu kalma biyu na sani a bakinta: "ƙyas" in ta hau aiki, "ɓas" in ta sauka. Ta zauna da warin albasa ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta neman anko. Albarkacinta na karanta rasuwar mutanen ƙasar Adar cikin natsuwa, anka yi kuka inda ya kamata a yi kuka.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Kaka ta zo mana kwana biyu, ta shiga ɗakina shara ina garka, ta buɗe ɗan kwanon da ke gefen katifa. Ta ga siffar haƙorana ɗaya bayan ɗaya, ba nama, ba jini. Tsohuwar nan ta san ana ɗaukar sawun mutum a yi masa sammu, sai ta ce to ga shi zamani ya kai ana ɗaukar sawun baki. Ta kuma gano dalilin da wushiryata ta ɓace, tunda ita ba ta taɓa yarda da zancen likita ba. Ba ta tambayi kowa ba. Ta ɗebo garwashi, ta watsa barkono, ta jefa baiwar Allah a ciki. Waɗanda sunka halarci cikawarta sun ce ta nannaɗe, ta yi "tsuuu", unguwa ta ɗauki tari. Na dawo na tarar da kaka tana jiran godiya. Na yi faɗa, wallahi na yi, har na ce mata matar nan tawa ta tsufa da ɓarna, na sake ta saki uku. Ta ce dama ba ta son miji marar wushirya.

Marigayiya ta bar haƙora talatin da biyu, manyansu biyun gaba, waɗanda tun ba a share makoki ba sunka fara jan jiki da juna kamar 'yan uwa a kan gado. Ta bar kwanonta, da buroshi ɗaya da ya rasa aikin yi. Ta bar ni, da shugaban tasha wanda jiya ya ji wani ɗan iska-iska cikin "sallar la'asar" ya dube ni ta saman tabarau. Likita ya ce a waya in zo da sauri a ƙera wata, in na yi jinkiri sai an koma ƙarfe.

Na ɗaure jakata zan tafi. Na durƙusa yi wa kaka sallama, sai ta kama haɓata ta juya ni wajen haske, ta ce in ce "sannu". Na ce, fiton ya ɗan fita. Tsohuwa ta saki haɓata ta zauna a ƙasa. Ta ce haka Binta take gaishe ta, kuma tun da anka rufe wushiryata ba ta ƙara jin ɗiyarta a gidan nan ba. Ta yi kuka, ni ma na yi. Jakar tana nan bakin ƙofa, ban kwance ta ba, ban kuma ɗauke ta ba.

Za a yi jana'izar abin da ya saura, wanda bai kai ƙwallon dabino ba, ranar Asabar bayan kasuwa ta watse, a gindin itacen bedin da ke bayan gidanmu a Galma. Ba a buƙatar masu ɗaukar makara, cokali ya isa. Masu zuwa gaisuwa kada su kawo rake ko ƙashi, kuma duk wanda ya yaba wushiryata zai koma ba sadaka. Ni da bakina zan karanta wannan sanarwa a rediyo gobe da safe, ko da ita ce ta ƙarshe da za a bar ni in karanta. Wanda ya ji fito, ya yi dariyarsa a hankali, kada ya murɗa tasha. Akwai tsohuwa ɗaya a Galma da ta sa an sayo mata sabon batir.