Ranar da Injiniya Ya Kira Kafinta Don Kwamfuta

Wanda bai san Injiniya ba, bai san ilimi ba. Mutum ne da Allah ya hore wa sukurudireba guda uku a aljihun gaba, da tabarau a saman goshi wanda ba a taɓa ganin ya sauko da shi kan ido ba. A ofishinsu shi ne mai zuba takarda a injin kwafi. In injin ya cije, shi ke kashe shi ya sake kunnawa, sannan ya goge hannu da hankici kamar likitan da ya fito daga tiyata. Ba wanda ya naɗa shi Injiniya. Shi ya ga ya cancanta, ya hutar da hukuma.

Mutum ɗaya ce a dangi ba ta gane darajarsa ba, wato Gwaggo, yayar mahaifinsa, tsohuwar da ta shekara arba'in a kan keken ɗinki. Rikicinsu ya faro ne daga rediyonta. Shashshaka kawai take yi, ya ɗauke ta don ya duba, ya dawo da ita ta yi shiru ɗif, da kusoshi huɗu a tafin hannunsa. Ya ce kamfani ne ya zuba su fiye da ƙima. Gwaggo ta ce ta kai masa mara lafiya ya dawo mata da gawa da haƙoranta a hannu. Tun ranar take kiransa Sarkin Kwancewa.

To, sai ga maganar Auta, jikar Gwaggo, 'yar jami'a, wadda ta ƙware a wasan kwamfuta har aka sa sunanta a gasar da za a yi ranar Asabar. Sharaɗin gasar, kowa ya zo da na'urarsa. Auta ta daɗe tana tara kayan ɗaya bayan ɗaya, ta samo wani ɗan akwatin kwamfuta baƙi, bai fi kwalin takalmi ba, wanda zai shige jakar goyonta. Abu ɗaya ya rage, madabod, wato farantin nan da ake dasa duk kayan cikin kwamfuta a kansa. In babu shi, sauran tarkace ne.

Ranar Laraba tana shirin fita saye, tsautsayi ya kawo Injiniya gaida Gwaggo.

"Madabod? Ke kaɗai? Ina raye?" Ya dafe ƙirji. "Wannan ba sayen ɗankunne ba ne, yarinya. Wannan harkar manya ce."

"Kawu, ƙarami nake so, ɗan murabba'in nan. Na rubuta sunansa a takarda."

Ya karɓi takardar, ya ninke, ya goge ƙurar takalminsa da ita. Gwaggo daga kan tabarma ta ce, "Sarkin Kwancewa, ba za ka auna cikin akwatin ba?"

"Gwaggo, awo na masu koyo ne. Ni idona ya wuce nan."

Ya kalli akwatin da ido ɗaya, ya gyaɗa kai, ya fita.

A shagon kayan kwamfuta an ga ikon Allah. Mai shago ya ɗauko masa ƙaramin faranti, Injiniya ya juya shi kamar an miƙo masa mataccen ɓera. Ya ce shi ba ya sayen abin da za a ce yara ne suka ƙera. Ya nuna wani shirgege a can saman kanta, mai ramuka bakwai da fitilu masu canja launi, faɗinsa kamar tiren baƙi. Mai shago ya tambaya wane irin akwati za a sa shi. Injiniya ya sauke murya don tausayin jahilci.

"Ɗan'uwa, akwati ne ke bin madabod, ba madabod ke bin akwati ba. Ka rubuta wannan ka ajiye, kyauta na ba ka."

Ya dawo gida rungume da kwali, ya sa aka kira maƙwabta biyu su shaida. Ya share teburin ɗinkin Gwaggo, ya jera sukurudirebobinsa, ya yi jawabi a kan ci gaban zamani. Sannan ya ɗaga farantin ya nufi akwatin da shi.

Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Amma Injiniya mutum ne mai adalci, sai da ya gwada. Ya sa ta tsaye, ya sa ta kwance, ya karkata, ya juya akwatin ya kife shi a kan farantin kamar mai kama fara. Rabi na ciki, rabi na shan iska. Maƙwabta suka tuna suna da aiki a gida.

"Akwatin ne ya tsuke," in ji shi. "Zafin ɗakin nan ya yi yawa."

Auta ta zauna bakin gado ta rafka tagumi. Saura kwana uku gasa. Ta ce a mayar a canjo tunda ba a ɓata komai ba. Injiniya ya ce bai taɓa mayar da kaya ba, don mayar da kaya amsa kuskure ne, shi kuwa bai san hanyar gidan kuskure ba. Girman kai dai rawanin tsiya, kuma nasa ya sha naɗi.

Washegari da hantsi sai ga shi da kafinta, da zarto a kafaɗa. Ya riga ya ja layi da jan biro a gefen farantin.

"Yatsa huɗu za ka rage nan, uku nan. Wurin duk ado ne, babu abin da yake yi."

Kafinta, bawan Allah, ya leƙa ya ga 'yan zare-zaren ƙarfe sun bi ta ƙarƙashin layin kamar jijiyoyin hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa katako na sani."

"Shi ya sa na ce ka yanka, ban ce ka yi tunani ba."

Nan Gwaggo ta miƙe. Ba ta san madabod ba, ba ta san gasa ba, ko harafi ɗaya ba ta taɓa karantawa ba. Amma ta san ba a sa almakashi a yadi sai an auna mai riga. Ta zare farantin daga hannunsa, ta goge jan layin da bakin mayafi, ta mayar cikin kwalinsa, ta danne da gwiwar hannu. Ta tsinko zare daga kan keke, ta zura cikin akwatin, ta ƙulla tsawo, ta ƙulla faɗi. Ta ce wa Auta, "Tashi, 'yar nema, ɗauko min takalmina."

A shago ta ajiye kwalin, ta shimfiɗa zarenta a kan kanta ta ce, "Ɗana, ba ni wanda bai wuce ƙullin nan ba." Mai shago ya duba kwalin, ya duba zaren, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sauko da ɗan murabba'in nan da Injiniya ya raina. Aka ɗora zare, ya zauna cif.

Kafin la'asar Auta ta ɗaure komai da hannunta. Ta danna maɓalli, fanka ta juya, allo ya kawo haske. Ta rungume Gwaggo har sai da tsohuwar ta ce za ta karya ta.

Injiniya ya zagaya teburin hannuwa a baya, ya ƙwanƙwasa akwatin da yatsa, ya yi gyaran murya.

"Madalla. Dama abin da nake so ku gano ke nan da kanku. Malami na ƙwarai ba ya ba ɗalibi amsa a baki."

Gwaggo tana naɗe zarenta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Allah ya saka, Injiniya. Addu'a ɗaya nake maka: kada Allah ya nuna min ranar da hularka za ta matse ka. Don na san kan naka za ka kai wa kafinta."