Farfesa Ba Ya Sauka Bene

Duk mai cewa manyan mutane sun ƙare bai ga Farfesa Sama-da-Kowa ba. Shi ne shugaban sashen ƙwaƙwalwa, can a benen sama na babban asibiti, kuma ya yi imani ba a banza Allah ya ɗora kai bisa ƙirji ba. Likitocin da, a kan keke suke bin marar lafiya har gida. Farfesa ya wuce nan. Ko takalminsa ba ya shiri da ƙasa.

Sai aka kawo wani bincike. Masu ciwon dajin huhu wanda ya haura ƙwaƙwalwa za a gwada haɗa musu magani biyu: hasken ƙona ƙari, da ke hannun Farfesa, da allurar da ke hannun Likitar Huhu, a ƙasan bene. Sharaɗin ɗaya ne, shugabannin biyu su zauna tebur guda su amince da majiyyaci kafin a fara masa.

Na farko a layi wani tsohon direban jirgin ƙasa ne, hannunsa na hagu ya soma mutuwa. Matarsa ke turo shi a kujera kowace safiya.

Farfesa ya aika wa Likitar Huhu ta hauro. Ta aiko cewa ita ta nemo binciken, shi ya sauko. Nan take ya tara ɗalibansa.

"Tun da aka halicci ɗan Adam," in ji shi, "huhu ke aika wa ƙwaƙwalwa iska. Wa ya taɓa jin ƙwaƙwalwa ta sauka karɓa?"

Ɗalibai suka rubuta, don yana iya fitowa a jarrabawa.

Aka kafa kwamiti, kwamiti ya ce a haɗu a tsakiyar matakala. Farfesa ya leƙo ya ga teburin ya fi kusa da ƙasa. Aka matsar da shi sama, ya karkace, shayi ya zube. Aka kira kafinta ya rage ƙafafu biyu. Ana wannan hidima tsohon direba ya soma kiran matarsa Inna.

Ranar zama, Farfesa ya sauko da baya da baya, don kada a ce an ga fuskarsa ta nufi ƙasa. Ya yi dogon jawabi a kan tawali'u, sannan ya ce a kawo majiyyaci.

Matar direban ce ta hauro ita kaɗai.

"Ranka ya daɗe, mun kai shi makwancinsa shekaranjiya. Ciwon bai jira kafinta ba. Daga huhu ya hau, ya cinye kan duka."

Likitar Huhu ta sunkuyar da kai. Farfesa kuwa fuskarsa ta washe, ya juya ga ɗalibai.

"Kun ji da kunnenku ko? Shi kansa ciwon, hawa ya yi."

Ɗalibai suka rubuta.